Shamuwar Inji na Uku

Da hantsi aka kira Sufeto Horia Bucur, wai an kama ɓarawon gas a tashar da ke bayan ƙauyenmu, inda manyan injina uku ke tura gas cikin bututu zuwa birane.

Ɓarawon kuwa tsoho Ilarie ne. Garmarsa ce ta tono wani siririn bututu a gonarsa, ya je da ƙafarsa ya faɗa, aka saka masa da ankwa. Yana zaune a ɗakin masu gadi, takalmansa duk laka.

Shugaban tashar, Injiniya Tiberiu Moga, shi ya sa aka kama shi. Irin mutanen nan ne da ke sa hular kwano ko a ofis, don kada a manta su injiniyoyi ne. Ni dai ban taɓa ganin baƙin mai a hannunsa ba.

"Gas nawa ya sata?" in ji Sufeto.

"Ko kaɗan. Lissafina cif yake. Mun kama shi kafin ya fara."

Sufeto ya je ya duba bututun. Duk ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe shi, kuma har yanzu yana huci. Bututun bai nufi gidan Ilarie ba. Ya miƙe ne zuwa rumfunan gilashi da ake noman tumatir a gangare.

Ya dawo ɗakin masu gadi wurin Ilarie. "Baba, rumfunan can na wa ne?"

"Na ƙanin matar Injiniya, Yallaɓai. Tun muna cikin sanyi tumatirinsa ya nuna. Muka ce albarka ce."

Sufeto ya koma wurin Moga.

"Injinanka da me suke aiki?"

"Da gas ɗin da suke turawa mana. Sai su ci kaɗan daga ciki." Ya yi murmushin raini. "Wannan ba aikin ɗan sanda ba ne."

"Koya mini. Ina mitar da ke auna abin da suke ci?"

"Tsoffin injina ne, ba su da mita. Ƙiyasi ake yi. Ka ɗauki ƙarfin inji, ka ninka da awannin da ya yi aiki, ka ninka da abin da yake ci a awa."

"Wa ke ƙiyasin?"

"Ni mana. Akwai wani?"

"Kuma duka ukun suna aiki?"

"Tun ƙarshen sanyi ba wanda ya huta. Yau ne kawai muka kashe na uku don gyara."

"Hayaƙinsu da zafi?"

Moga ya yi dariya. "Ka riƙe kaza a bakin bututun can sama, kafin ka ƙifta ido ta gasu."

"To fito ka nuna mini."

Suka fito fili. Sufeto ya ɗaga yatsa sama. A kan bututun hayaƙin inji na uku akwai sheƙa, ƙatuwa kamar tayar tarakta. Shamuwa na tsaye a ciki da ƙafa ɗaya, 'ya'yanta har sun yi fukafukai.

"Waɗannan yau aka ƙyanƙyashe su, Injiniya? Ko shamuwarku ba ta gasuwa?"

Moga ya cire hular kwanon. Gumi ya jiƙa masa sanƙo.

"Injin nan bai tashi ba tun zuwan shamuwa," in ji Sufeto. "Gas ɗin da ka ce ya ci, tumatir ne ya ci shi, da shi ake ɗumama rumfunan ƙanin matarka. Me ya hana ka ture sheƙar?"

"Na so," ya ce a hankali. "Matata ce ta hana. Ka san duk wanda ya rushe sheƙar shamuwa, gidansa ƙonewa yake."

A nan yankinmu ko jariri ya san wannan. Abin da ya ba ni haushi, mutumin da ya ji tsoron taɓa tsinken tsuntsu bai ji komai ba da zai tura tsoho gidan yari.

Aka kwance ankwar daga hannun Ilarie, aka ɗaura wa Moga tun ba ta huce ba. Tsohon ya murza wuyan hannunsa, ya raka su har bakin mota.

"Kwantar da hankalinka, Injiniya," ya ce. "Gidanka ba zai ƙone ba. Kai ne dai ba za ka kwana a ciki ba."