Mai Gyaran Kujeru na Ma'adi

Ranar da Sabuwa ta fara ganin Zainulabideen a gajiye take liƙis. Tun daga unguwar Dokki ta ɗauko wata kujera a bayan tasi, ta sha cunkoso, direba yana ta mita, sannan ya sauke ta a ƙofar wani ɗan shago a unguwar Ma'adi.

"Wai a kan wannan tsohuwar abar ake wahalar da ni," ta faɗa ƙasa-ƙasa, ba ta zaci akwai mai jin yarenta a wannan ƙasar ba.

"Ki girmama ta, Hajiya," aka amsa daga ciki da Hausa. "Ta fi shekaruna da naki in an haɗa."

Ta ɗago. Dogon saurayi ne, garin katako har a girarsa. Kunya ta kama ta, shi kuwa ya karɓi kujerar a hankali kamar an miƙa masa jinjiri.

Kujerar ta Madam Fatna ce, tsohuwar da ta ba iyayen Sabuwa hayar gida har da kayansa. Ƙafa ɗaya ta karye, tsohuwar kuma ta ce kayan aurenta ne, ba za a yar ba.

"Dubi ƙafafun," in ji shi, "sirara, ba sassaƙa, ba ruwan zinare. Mutanen shekarun sittin sun gaji da manyan kujerun fada, sai suka yi wadda aikinta kawai ta tallafi bayan mutum. Zauna a waccan ki ji."

Ta zauna don ya ƙyale ta. Sai ta ji ba ta son tashi. Ƙasa huɗu aikin mahaifinta na ofishin jakadanci ya kai su, kuma ko kofi ɗaya ba ta taɓa cewa nata ba ne. Ba ta san lokacin da ta gaya masa haka ba.

Shi ɗan Gusau ne. Karatu ya kawo shi, ya gama, ya tsaya wajen mai shagon, Usta Isam, usta kuwa gwanin sana'a ke nan a bakin mutanen garin, suna farfaɗo da tebura da fitilu da akwatunan rediyo na wancan zamani. Gyaran kujerar aikin kwana uku ne, amma sai da ya ja shi sati biyu.

Saƙonsa na farko ya ce: "Kujera ta warke, mai gyaran ne ya kwanta. Ki zo ki duba shi, Sabuwata."

Ta amsa: "Ustana, ka sha magani. Ina zuwa Alhamis."

Wata bakwai suna haka kafin maganar ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Ishaq. Bai yi faɗa ba. Saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma a 'yan kwanakin nan komai da ƙyar yake yinsa.

"Sabuwa, na yi yawo da ke duniya don ki ƙare a shagon kafinta? Ga Imran, ofishinmu ɗaya, na san iyayensa."

"Baba, Imran ma yawon zai yi da ni. Na gaji da akwati."

"Khalas. Na gama magana."

Imran ɗin ne ya kawo mata labari bayan kwana biyu, yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce ya ga kafintanta a kasuwar Ataba tare da wata mace, suna zaɓen farantai irin na amare, suna dariya. Har hoto ya nuna mata.

Sabuwa ba ta da ƙarfin rigima. Ta kashe waya kawai. Sati uku tana zuwa wajen aikinta na fassara tana dawowa, abinci ba ya mata daɗi. Da ta kunna wayar ta tarar da saƙo ɗaya tak:

"Ban san laifina ba. Ba zan dame ki ba, amma kullum ina shago, kuma kullum ina ɗaga kai in an taɓa ƙofa."

Mahaifinta ne ya riga ta zuwa. Ya ga yadda take ramewa, ya tafi da niyyar ce wa yaron ya fita harkar 'yarsa. Shi da bakinsa ya ba ta labarin da ya dawo, yana cire takalmi a hankali.

Ya tarar da Zain da wani mai saye da ya nace sai an rubuta masa cewa wani tebur na asali ne. Zain ya ce a'a, saman tsoho ne, amma ƙafafu biyu shi ya yi su bara. Mutumin ya fice da fushi. Alhaji ya zauna jiran a gama, sai barci ya ɗauke shi a kujera, bai farka ba sai da aka kira la'asar. Ba wanda ya tashe shi. Da ya buɗe ido ya ga wata mata tana jera kofuna masu ruwan ƙasa da kore a kan kantar shagon.

"Mahasin sunanta, matar Usta Isam," in ji Alhaji. "Maginiyar tukwane ce. Tsohon saitin shayi yaron ya tsinta, kofi uku sun ɓace, ita take gina masa madadinsu. A Ataba launi suka je gwadawa. Naki ne, wai." Ya tura takalmin gefe. "Ban ce ina son sana'arsa ba. Amma yaron ba ya ƙarya. Ki ce ya turo manyansa."

Washegari ta taɓa ƙofar shagon, ya ɗaga kai.

"Ma'alish, yi haƙuri, Ustana," ta ce, hawaye na zubo mata.

"Kin rame, Sabuwata."

"Kai ma."

"To zauna. Mu duka mu huta."

An ɗaura aure ranar wata Juma'a, saura kwana tara iyayenta su koma Kaduna. Kawun Zain ya zo daga Gusau, ɗalibai suka cika masallaci, Mahasin da mahaifiyar Sabuwa suka kwana biyu suna girki. Imran ya aiko da gaisuwa.

A filin jirgi Alhaji Ishaq ya riƙe hannun surukinsa ya daɗe bai saki ba.

"Shekara ashirin da shida duk inda zan tafi da ita nake tafiya. Yau zan hau jirgi ba ita. Ka riƙe min amana."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya zaunar da ku wuri ɗaya."

Suka ce amin. Sabuwa ta tsaya har iyayenta suka shige, sannan ta share ido ta dubi mijinta.

"Yalla, mu tafi," ta ce. "Kai ni gida."