Wanda Ya Riƙe Sandar Giya

Ana shirin tashi daga aiki aka bugo wa Sufeto waya cewa mota ta danne mai gareji. Kafin ya isa an tafi da gawar asibiti, jama'a kuma sun kewaye wani tsohon direban tasi suna neman cinye shi ɗanye. Sai da kofur ya tura shi cikin motar 'yan sanda aka samu lafiya.

Sufeto ya tsani irin wannan taro. Kowa ya san mai laifi, amma babu wanda ya ga komai.

Tasin tana tsaye a gindin tudun simintin da ake hawar da motoci don a shiga ƙarƙashinsu. Daga kan tudun ta gangaro da baya, gabanta ya sauka a ƙirjin mutumin. Ƙanin mamacin, wanda ake kira Ƙaramin Oga duk da furfurar da ta cika masa gemu, yana zaune a kan tsohuwar taya.

"Kana ina abin ya faru?" Sufeto ya tambaye shi.

"Na je sayo mai, Yallaɓai. Yaya shi kaɗai na bari."

"Me ya gangaro da motar?"

"Birkin hannunta ya mutu, a giya Yaya ya bar ta. Giyar ce ta fice da kanta. Tsohon nan ya san tana haka, ya ɓoye mana."

Sufeto ya koma wajen direban, ya same shi a cikin motar 'yan sanda.

"Wallahi ban ɓoye ba, ranka ya daɗe. Ai dalilin kawo ta ke nan! Sandar ta yi sako-sako, tana lilo kamar haƙorin tsoho. Marigayi ya ce robar gindinta ce ta cinye, in dawo da yamma. In kuka rufe ni, wa zai ciyar da jikokina?"

Sufeto ya bar shi nan. Ya shiga tasin, ya taka kuloci, ya sa giya ta ɗaya, ya saki. Ya girgiza sandar hagu da dama. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sa kofur da wasu mutum biyu suka tura motar da ƙarfinsu, tana cikin giya. Ta cije, sandar tana nan inda ya ajiye ta.

Da ya leƙa ƙasa da fitilar wayarsa, sai ga sabuwar roba baƙa wuluk a gindin sandar. An riga an gama gyaran ke nan.

"Me aka samu a hannun mamacin?" ya tambayi kofur.

"Tocila kawai, Oga. Sifanoninsa duk suna cikin akwati a jere."

Wannan ya tsaya wa Sufeto a rai. Mutumin da ya gama gyara, ya kwashe kayan aikinsa, me ya mayar da shi ƙarƙashin mota da tocila? Ya tsallaka garejin da ke maƙwabtaka ya tambayi mai shi.

"Dubawa yake yi," in ji maƙwabcin. "Haka yake aikinsa. In ya gyara sandar giya, sai ya kwanta a ƙasa yana kallon ƙarafan, wani kuma yana sama yana canza masa giya ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ba ya iya wannan. Kuma ba ya shiga sai ya sa waji a bayan taya."

"Wa yake zama masa a sama?"

Maƙwabcin ya sunkuyar da kai. Sannan ya saci kallon inda Ƙaramin Oga yake zaune.

Ba a sha wahalar neman wajin ba. Wani guntun katako ne, yana can bayan duron mai, da sawun taya sabo a jikinsa. Sufeto ya ɗauko shi ya ajiye a gaban Ƙaramin Oga.

"Giyar nan ba ta ficewa, na gwada da hannuna. Wani ne ya cire ta, ya mayar da ita firi, ya sauko, ya shure wannan katakon. Ina man da ka je sayowa?"

Mutumin ya kalli katakon. Da ya buɗe baki, muryarsa a bushe take.

"Tun ina ɗan yaro nake jijjiga masa sandar giya, Yallaɓai. Na yi furfura bai taɓa barina na ɗaura ko noti ɗaya ba. Yau a gaban mutane ya ce ni hannu ne kawai, ba ni da kai, garejin ma surukinsa zai bar wa. Yana ƙasa yana ce mini, 'Sa ta biyu, wawa.' Ban san lokacin da na sauko ba."

"Shi ya sa ka jefa tsohon da bai ci ba bai sha ba a bakin mutane?"

Sufeto ya ji baƙin ciki. Ya ce a saki direban, ya yi wa kofur alama ya kawo ankwa. Jama'ar da suka so kashe tsohon suka fara sulalewa ɗaya ɗaya, ko haƙuri babu wanda ya ba shi.

Suna dab da mota Ƙaramin Oga ya tsaya cak.

"Yallaɓai, bai san ni ne ba. Da motar ta sauka a kansa, ni ya ƙwala wa kira. 'Ƙanina, zo ka cece ni,' ya ce."

Kofur ya dafa masa kai, ya tura shi ciki, ya rufe ƙofa.