Kiryar da Ɗantsoho Ya Sare Ba Sallama

Magariba ta kawo jiki, Kyauta na tankaɗe a tsakar gida, sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryarta. Ta dubi katanga, ba kowa. Na biyu ya sauka a kan kwanon ɗaki. A wannan ƙauye nasu na arewacin Sule Tankarkar kuwa, sai mutum ya wuni yana tono bai samu dutse ɗaya ba, yashi ne ko'ina.

Mijinta Ɗantsoho na alwala a bakin zaure. Bai waiwayo ba, don ya san abin da ya aikata.

Shi ne shugaban masu tsaron kurmin garin. Tun da yashi ya fara cinye gonakin arewa, jama'a suka yi alkawari a gaban maigari ba mai ƙara sare ɗanyen itace. Ɗantsoho ya fi kowa zafi a kai, ko tsohuwa ya gani da ƙirare sai ya kwance ɗaurin ya duba. Amma da ginshiƙin zaurensa ya ruɓe, ran wata Alhamis da gari ya watse zuwa kasuwar Maigatari, sai ya saɓi gatari ya kayar da tsohuwar kirya. Al'adar garin, mai sare babban itace yakan je gindinsa kwana uku a jere, ya yi sallama da ƙarfi, don mazauna ciki su kwashe nasu ya nasu. Shi kuwa ina zai ɗaga murya, sata ya je yi. Da aka ga kututturen, aka ɗora wa wani makiyayi, Bappa, aka hana shanunsa rijiya. Ɗantsoho na zaune aka yanke hukuncin, bai ce uffan ba.

Kwana uku ana jifan, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu 'yarsu Rahama ta ajiye tulu, ta shiga zaure ta rungume sabon ginshiƙin. Ta daina ci, ta daina magana.

Kyauta ta ce wa mijinta a hankali, "Malam, wannan ba Rahama ba ce."

Ya kasa haɗa ido da ita. Da safe ya hau babur zuwa Gumel, ya ɗauko Malam Nasrullahi mai ruƙiyya.

Malam ya zauna tun bayan la'asar yana karatu. Inuwa ta miƙe, kaji suka shige akurki, gidan ya yi tsit. Can Rahama ta ɗago, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake yi."

"Wace ce ke, me ya kawo ki gidan mutane?"

"Gidana na biyo. Ga shi nan yana riƙe da zauren ɓarawo."

Kyauta ta juyo ta dubi mijinta. Kunya ta rufe shi, ya ce zai yanka rago.

"Rago zai yi wa jikokina inuwa? Suna can kwance a rana. A bar mini yarinyar sai wata kiryar ta girma."

Malam ya ce, "Ba ta sare miki komai ba. Ki ji tsoron Allah ki fita, ko in ci gaba."

Sannan muryar ta ce, "To ya dasa wata, ya shayar da ita da hannunsa. Muryar da ya hana ni kuma, ya je ya ɗaga ta a masallaci yau, ya faɗi wanda ya yi saran. In ya rage kalma ɗaya, na san hanya."

Malam ya dubi Ɗantsoho. "Wannan ko ba ta nema ba, haƙƙin Bappa ne a wuyanka."

Rahama ta yi atishawa sau uku, hannuwanta suka saki itacen, ta ce, "Inna, ruwa."

Ana sallame magariba Ɗantsoho ya miƙe a sahun gaba, ya faɗi komai, ya ce a kira Bappa ya roƙe shi gafara. Maigari ne ya tanka masa.

"Ka makara, Ɗantsoho. Tun Talata ya tsallaka Nijar, shanu biyu sun faɗi a hanya. Da zai tafi ya ce a gaishe ka, wai duk garin nan kai kaɗai ne ba ka zage shi ba."