Harafi Ɗaya a Buhun Wake

"Miƙo su nan, Mufida."

Ba ta yi musu ba. Ta zaro takardun daga cikin hijabinta ta miƙa wa mahaifinta, Malam Rabe. Ya juya su sama, ya juya su ƙasa, bai gane komai ba sai hoton sauro da na wata.

"Wasiƙun mushen naki ke nan?"

"Baba, wallahi labaran kimiyya ne... karatu nake."

"To na hana. Da karatun da mai kawo shi."

Mushe dai a Nijar malamin makaranta ne, a wannan ɓangaren boda kuwa dabbar da ta mutu ba yanka. Malam Rabe ya san duka biyun sarai, shi ya sa yake jan kalmar a bakinsa kamar mai tsotsar tsamiya.

Mushen nan sunansa Mudathir, yana koyarwa a Ɗan Issa, tsallaken iyaka. Wata Lahadi ya shigo kemis ɗin da Mufida ke tsaro a Magama neman maganin mura, ya tarar da ita tana harar takardar wani magani da aka rubuta da Faransanci, kai ka ce takardar ce ta zage ta. Ya yi dariya ya karanta mata. Da mako ya zagayo sai ga shi da wata 'yar takarda irin wadda yake raba wa ɗalibansa, labarin kimiyya cikin sassauƙan Faransanci, layi goma da hoto. Yau dalilin da sauro ke fifita jinin wani, gobe yadda ƙudan zuma ke gane hanyar gida. Tana karantawa tana tuntuɓe, yana gyara mata ta bayan kanta. Kafin ta iya haɗa jimla uku, zuciya ta riga ta yi nata karatun ta gama.

Ba wai Malam Rabe ya sami yaron da wani aibu ba ne. Ƙanwarsa Barira ce ta yi aure a Maraɗi, ta kwanta ciwon ajali daidai lokacin da aka rufe boda. Kafin ya samu ya lallaɓa ta hanyar daji, an riga an kai ta makwancinta. Tun ranar ya ce jininsa ba zai ƙara aure a tsallake ba.

Mufida ta kira Mudathir tana kuka, ta ce ya daina zuwa.

"Ki bi Baba, sanyin idona," ya ce. "Ni mai jira ne."

Wata biyu ba ta ga ƙeyarsa ba. Ta rame, ta yi zuru-zuru, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa mahaifinta ido ba.

Ana haka yayarta Sumayya, da ta zo wankan gida, ta sauka lafiya, ɗa namiji, jikan Malam Rabe na fari. Ana gobe suna gida ya cika da mata tun hantsi. Sai ga Baffa Bawa, ƙanen Malam Rabe, direban da ya shekara talatin yana jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, ya sa an dire buhun wake a tsakar gida, gudummawarsa ta ƙosai da alala. Wake fari tas, manyan ƙwaya, ko huda ɗaya babu.

Inna ta kwance bakin buhun, ta ga wata farar ƙura a jikin waken. Baffa Bawa ya ce toka ce, ai haka mutanen can ke ajiya. Wata ta tambayi ma'anar jan rubutun da ke gefen buhun. Ya gyara hula, don shi a gidan nan ba a Faransanci sai da izininsa.

"Puwason. Kifi ke nan. Buhun busasshen kifi ne da, aka juye wake ciki."

Mufida na ɗauke da tulu ta waiga. POISON, da jan alƙalami, har an ja masa layi biyu a ƙasa.

Ta tuna, a cikin takardun Mudathir, labarin wani kogi da kifayensa suka mutu saboda maganin feshi, inda ta karanta kalmomi biyu iri ɗaya, Mudathir ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya nuna mata da bakin biro: mai S biyu shi ne kifi, a ci da tuwo, mai S ɗaya guba ce, a ci a bar duniya.

Ta ƙirga S ɗin jikin buhun. Ɗaya ce.

To fa. In ta buɗe baki, ta ƙaryata baffanta a gaban baƙi, kuma da harshen da mahaifinta ya haramta mata. Ga shi nan zaune a bakin zaure yana jin komai. Amma Inna ta riga ta cika ƙwarya, har an jawo turmin surfe, ga maijego can a ɗaki tana cewa ita alala take marmari.

Mufida ta dire tulun ta riƙe hannun uwarta.

"Inna, kar ki zuba. Guba aka rubuta."

Baffa Bawa ya hau faɗa, wai tun ba a haife ta ba yake ciniki da 'yan duwan, kwastan ɗin tsallake, yau ɗiyar cikinsa za ta koya masa kifi? Malam Rabe ya taso a hankali.

"Mufida, baffanki kike ƙaryatawa?"

Ta durƙusa, hawaye na zuba, amma ba ta saki hannun Inna ba.

"Baba, ka yi mani duk hukuncin da ka ga dama. A dai kira mai waken tukuna... don Allah."

Don ya kunyata ta Baffa Bawa ya kira, har ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Mai waken bai bari ya gama sallama ba, sai salati. Ashe tun safe yake neman buhun. Iri ne da aka cuɗa da maganin ƙwari don shuka, masu dako suka yi musaya wajen lodi. "Ba a dai ci ba ko? Ku ce mani ba a ci ba!"

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Inna. Baffa Bawa ya zauna daɓas a kan turmi, ya cire hula yana fifita. Malam Rabe ya juya. Ya dubi yaran da ke wasa a gindin buhun, ya dubi ƙofar ɗakin maijego, ya shige zaure.

Bayan la'asar ya aika a kira ta. Ta same shi da takardun nan a kan buzunsa, a ninke yadda ya karɓe su. Ita da ta ɗauka ya daɗe da ƙona su.

"Wace ce ta koya maki bambancin kifi da guba?"

Ta zaro ta. Ya sa ta karanta, ta fassara masa layi-layi. Ya daɗe yana kallon harafin da ta ɗora wa yatsa.

"Da kin bi maganata har cikin kanki, gobe ba suna za a yi a gidan nan ba." Ya share ido da bakin rawani. "Na yi fushi da boda don ta raba ni da Barira, na zo na huce a kanki. Ki yafe mani, ɗiyata. Allah Ya yi maki albarka. Ki ce ya turo manyansa."

Ta gyaɗa kai tana kuka.

Ran Lahadi Mudathir ya zo da kawunansa biyu. Mufida na laɓe a bayan ƙyauren zaure. Ta ji ya durƙusa yana gaisuwa, ta ji mahaifinta ya yi gyaran murya. Mutumin da ya shekara sittin a bakin boda bai taɓa yarda kalmar Faransanci ta fito daga bakinsa ba ya kama hannun yaron da hannu biyu, ya yi masa godiya.

"Marsi, Mushe," ya ce.

Wannan karon bai ja kalmar ba.