Busasshiyar Safar Baba

Duk macen da ta yi aure a birnin Busan ta san ranar tunawa da mamaci ba ranar hutun matar ɗa ba ce. Tun da hantsi Ye-rim take durƙushe gaban kasko a gidan surukarta, tana suyar wainar kifi da ta kabewa, mai yana fallatsar mata a hannu. Facalarta Hye-ran, matar babban wa, ba ta iso ba sai da aka sauke tukunyar ƙarshe, ta shigo da kwalin tuffa tana kukan cunkoson motoci. Ye-rim ta ci gaba da aikinta. Son da take wa mijinta Tae-gon ya sa wahalar gidan ba ta yi mata nauyi.

Mahaifin su Tae-gon masunci ne. Wata safiya ya fita da ƙaramin jirginsa a bayan wani ɗan tsibiri kusa da garin Tongyeong, teku bai dawo da shi ba, bai kuma dawo da gawarsa ba. Lokacin Tae-gon yana goye. Mama ta kwashi 'ya'yanta biyu ta dawo birni, ta raine su da tsoron ruwa, ko iyo ba ta bari sun koya ba.

Da rana ta faɗi aka shirya tebur: shinkafa, miya, kifi, da kunun shinkafa mai zaƙi da marigayin yake so. Aka bar ƙofar gida a ɗan buɗe don ya sami hanyar shigowa. Mama ta ajiye sabuwar farar safa a gefen teburin, kamar yadda take yi kowace shekara. 'Ya'yan sun saba gani har sun daina tambaya. Maza suka kai goshi ƙasa suka gaishe shi, aka soke cokali a shinkafa, kowa ya fita baranda don a ba shi wuri ya ci.

Sai Ye-rim ta tuna ta bar wuta a kunne. Tana komawa ta ji muryar Mama can ƙasa-ƙasa a gaban teburin, tana yi wa marigayin magana.

"Yau ma a jiƙe ka zo ko? Ga safa nan, sa ka ji ɗumi. Kullum kai ke tahowa, ni ban taɓa zuwa wurinka ba. Ka yi haƙuri. Ƙafafun nan sun fara ƙi, ban sani ba ko zan iya kuma."

Tsohuwar ta juyo, suka haɗa ido.

"'Yar nan, abin da kika ji ki haɗiye shi. Yaran nan sun sha maraici a hannun teku, kada ki tono musu ciwo. Kin yi mini alkawari?"

"Na yi, Mama."

Wajen cin abinci Tae-sik, babban wa, ya gyara murya ya ɗaga wayarsa.

"Bana Mama ke cika saba'in. Na samo mana jirgin shaƙatawa, daga nan har Japan. Ku duba! Hawa goma sha wani abu, gari guda ne a kan ruwa. Gidajen abinci ba adadi, ga sinima, ga lifta, ga likita. Ko ƙyas ba ya girgiza, mutum sai ya manta a teku yake."

"Duk ƙawayen Mama 'ya'yansu sun kai su," in ji Hye-ran. "Mu kaɗai muka rage, har kunyar haɗuwa da su nake ji."

Ye-rim ta dubi Mama. Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana juya cokali. Abin da ya kamata matar ƙane ta yi shi ne ta yi shiru, ta kuma san haka sarai. Amma bakinta ya riga ta.

"Yaya, akwai wani ƙarami da abokiyar aikina ta shiga bara. Mutanensa ba su da yawa, ɗakin cin abinci ɗaya ne. Amma yana bi ta tsakanin tsibiran Tongyeong, yana tsayawa inda manyan ba sa iya shiga. Bayansa ma ƙasa-ƙasa yake, har mutum ya kan iya taɓa ruwa da—"

Tae-sik ya ajiye sandunan cin abincinsa.

"Taɓa ruwa? A Tongyeong? A daren tunawa da Baba kike faɗar wannan?"

"Oh, ni Hye-ran! Amarya ta girma," in ji facalar tana murmushin mugunta. "Mu muna maganar jirgi, ita tana maganar kwalekwale. A ce 'ya'yan Mama sun rasa inda za su kai ta sai cikin akushi!"

Tae-sik ya juya wajen uwar. "Mama, wanne kike so?"

"Kada ku wahalar da kanku. Babban ma ya yi."

Haka uwayenmu suke. Ka tambayi tsohuwa me take so, sai ta faɗa maka abin da ta ga kai kake so. 'Ya'ya maza kuwa sau ɗaya suke tambaya, su tashi da murna.

A mota, da suka kusa gida, Tae-gon ya fara magana.

"Kin tozarta ni gaban Yaya."

"Ban yi nufin—"

"Ƙaramin jirgi ne ya cinye mini uba, Ye-rim! Ban san fuskarsa ba sai a hoto. Yanzu kina so in ɗauki uwata in sa ta a wani, in kai ta daidai wurin? Me ya sa? Ki ba ni dalili ɗaya!"

Dalilin yana kan harshenta. Kalma kaɗan ce, da ta wanke kanta. Sai ta tuna idon tsohuwar.

"Ba zan iya faɗa ba. Ka dai yarda da ni."

"Ashe har akwai abin da kike ɓoye mini. To, shi ke nan."

Washegari ta je gidan Tae-sik ta durƙusa ta ba shi haƙurin ja da maganarsa da ta yi gaban jama'a. Da ya tambaya ko ta yarda ta yi kuskure game da jirgin, sai ta yi shiru. Wannan shirun ya fi maganar farko ɓata musu rai.

Daga nan gidan Ye-rim ya yi sanyi. Tae-gon, wanda ba ya iya cin abinci sai ya tsinko tsokar kifi ya ɗora mata a kan shinkafa, ya koma ci a waje. Ya kwashe shimfiɗarsa zuwa falo. In ta gaishe shi ya amsa kamar wanda ake bin sa bashin gaisuwa. Wata rana ma ya ce mata, in sun dawo daga tafiyar gara ta je gidan iyayenta ta ɗan zauna, kowa ya yi tunani. Ta shiga banɗaki ta saki famfo don kada ya ji kukanta. Tana son mutumin nan kamar ranta, ga shi tana kallo yana zame mata saboda alkawarin da ba shi ta yi wa ba. Sau da yawa ta ɗauki waya za ta roƙi Mama ta sake ta daga alkawarin, sai ta ajiye.

Ranar tafiya ta zo. Gaskiya a faɗe ta, jirgin Tae-sik jirgi ne. Fitilu ko'ina, kiɗa ko'ina, abinci kamar ba a san darajarsa ba. Hye-ran ta yi ta ɗaukar hoto tana tura wa ƙawaye. Amma daga ɗakin Mama zuwa wurin cin abinci tafiya ce mai zaman kanta, ga layin lifta, ga hayaniya. Tsohuwar ta riƙe hannun Ye-rim, ɗaya hannun kuma ta ƙanƙame wata 'yar jaka da ta ƙi bari kowa ya karɓa.

Da yamma ta ce, "'Yar nan, kai ni inda zan ga ruwa."

Suka hau can sama. Gilashi ne ya kewaye wurin, ya fi tsayin Mama. Ruwan kuwa yana can ƙasa, nisan ganin titi daga saman dogon bene. Can yamma, inda rana ke faɗuwa, wasu duwatsu suka bayyana dishi-dishi.

"Can ne?" Mama ta tambaya.

"Ina jin ta can ne, Mama. Amma da nisa ƙwarai."

Tsohuwar ta buɗe jakarta. Ta fito da 'yar kwalbar kunun shinkafa da farar safa. Ta yi ɗage, tana ƙoƙarin miƙa hannu ta saman gilashin, hannun bai kai ba. Wata ma'aikaciya ta taho da sauri, ta rusuna.

"Ki yi haƙuri, Kaka, ba a jefa komai a ruwa daga nan. Doka ce, kuma iska za ta mayar wa na ƙasa."

"Safa ce kawai, 'yata. Mijina ne a can, ƙafarsa a jiƙe take."

"Ki gafarce ni, Kaka. Ba ni da iko."

Mama ta jingina goshinta da gilashin. Jirgin bai rage gudu ba, bai san da ita ba ma. Duwatsun suka yi ta ƙanƙancewa. Ta ce, "Na zo, ban iso ba," sai kuka ya ƙwace mata, irin kukan da ba a taɓa jin ta yi ba.

Ye-rim ta rungume ta. Da ta ɗaga kai sai ta ga Tae-gon tsaye a bayansu riƙe da mayafin da ya kawo wa uwar. Ya ji komai. Idonsa yana kan safar.

"Mama... shi ya sa kike ajiye ta kowace shekara?"

Uwar ta ƙanƙame safar. Tae-gon ya juya wajen matarsa.

"Kin sani. Tun daren nan kin sani."

"Ni na ɗaure mata baki," in ji Mama tana share ido. "Na ce kada ta tono muku ciwo. Ban san ita za ku ɗora wa ciwon ba. Ina ganin yadda ta rame, na yi shiru don kunyarku. Kai, Tae-gon, irin wannan matar ake kora gidansu?"

Tae-gon ya zube a gwiwa nan gaban mutane, ya kama hannun Ye-rim, hannun da har yanzu yake da tabon mai.

"Ki yafe mini. Kin ce in yarda da ke, na kasa."

"Tashi, ana kallonmu," ta ce, hawaye yana zubo mata. "Ban taɓa riƙe ka a raina ba."

Da labari ya kai wa Tae-sik, sai ya zauna ya dafe kai. Daga baya ya ce, "Ni na tambaye ta fa. Ta ce babban ya yi." Hye-ran ta ajiye wayarta, ranar ba ta ƙara ɗaukar hoto ba.

Da lokacin kaka ya shigo suka shiga ƙaramin jirgin, kuma Tae-sik da kansa ya yanki tikiti. Ba sinima, ba lifta, daga ɗakin Mama zuwa tebur taku kaɗan ne. Yana kuma girgiza, wannan ba ƙarya, tun kafin a bar gaɓa Tae-sik ya yi ruf da ciki yana amai, Hye-ran tana yi masa fifita tana cewa, "Babban yaya guda!" Tae-gon ma fuskarsa ta yi fari fat, ya damƙe hannun matarsa bai saki ba. Mama kuwa ko a jikinta. Matar masunci ce, ƙafafunta suka tuna abin da ta daɗe da mantawa.

Tae-gon ya sami kyaftin ya yi masa bayani. Mutumin ya ce shi ma ɗan tsibiri ne, ba sai an ja masa zance ba. Da suka iso bayan tsibirin da hantsi, ya kashe inji. Sauran fasinjoji, waɗanda a 'yan kwanakin nan duk sun san Mama da suna, suka ja baya.

'Ya'yan biyu suka riƙe uwarsu, ta sauka zuwa bayan jirgin, ta durƙusa. Ruwan yana nan dab da gwiwarta. Ta tsoma hannu, ta daɗe ba ta cire ba. Sannan ta tsiyaye kunun a hankali, ta ɗora safar a kan ruwa.

"Yau ni na zo. Ga yaranka, sun girma. Wancan da ka bari a goye, ga matarsa, ita ta kawo ni."

Tae-gon ya kai goshi ƙasa ya gaida uban da bai taɓa gani ba. Safar ta ɗan yi yawo a saman ruwa, ta jiƙe, ta nitse.

A wajen abincin rana Tae-gon ya tsinko tsokar kifi ya ɗora wa Ye-rim a kan shinkafa. Mama ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Duk mai son ya kyautata wa iyaye, kada ya auna kyautar da girmanta ko da abin da maƙwabta za su ce. Ya duba inda zuciyarsu take, ya kai su can. Wanda kuma ya sami mai riƙe amana har ta yarda a zarge ta, ya riƙe ta da kyau. Haƙurin Ye-rim ya dawo mata da mijinta, ya kai tsohuwa wajen nata.

Shekarar da ta biyo, ranar tunawa, Ye-rim ta duba gefen tebur ta raɗa wa surukarta, "Mama, an manta safa."

Tsohuwar ta girgiza kai.

"Ba a manta ba, 'yar nan. Yana da ita."