Zaren Wuyan Rigar Yaya

Rana ta kusa faɗuwa Mama ta ce wa Auta ta goge rigar Yaya ta kai coci. Gobe ne za a naɗa shi fasto, gobe ne zai fara tsayawa gaban jama'a da farar rigar sujada.

Wata huɗu Mama ta yi tana ɗinkin rigar nan. Shekara talatin tana kan keken ɗinki, amma yanzu idonta ya yi hazo, sai da lalube take zura zare a allura. Likita ya ce ta bar ɗinki. Ta ce to, ta dawo gida ta yanka yadi. Kowa a gidan ya san wannan ce rigarta ta ƙarshe, ba dai mai faɗa.

"Ki bi ta a hankali," in ji Mama daga kan tabarma. "Kar ki ƙona min ita da rawar hannun nan naki."

Yaya ya leƙo, zai tafi aski. "Auta za a aika? Wadda ko kaza ta yi tari sai ta shige bayan ƙofa?"

Auta ta ɗauki rigar ta wuce. Dama ita ba mai tankawa ba ce.

Tana cikin guga ta zo wuyan rigar, sai ta ga an ɗinke shi ruf da baƙin zare, manyan ɗinki, a karkace. Zuciyarta ta karye. Ta ɗauka idon Mama ne ya kai haka. Don kar tsohuwa ta ji kunya, ta ɗauko reza a ɓoye ta tsinke zaren, ta cusa shi cikin gawayin dutsen guga.

A bakin coci ta tarar da Baba mai gadi yana kulle babbar ƙofa. Ya ɗaga ledar da ta rufe rigar yana yaba ɗinki, sai fara'arsa ta ɗauke.

"Ina zaren?"

"Na cire, Baba. Kuskure ne."

"Kuskure? Ke 'yar nan, makarantar kwana ta cinye ki. Uwarki ba ta taɓa sakin sabuwar riga da wuya a buɗe ba. Mai rigar ne ke yanke zaren, ya zura kai nan take. Rigar da ba wanda ya taɓa shiga, duk abin da ya riga shiga, tasa ce." Ya dubi sama, ya miƙa mata makulli. "Rataya ki fito. Kar ki tsaya."

Ɗakin ajiye kaya yana can bayan bagadi. Warin kyandir, da tsofaffin littattafan waƙa, da kashin jemage. Ta danna makunni, ƙwan bai kawo ba. Ɗan jan haske ne kawai ke shigowa ta ƙaramar taga. Ta cire ledar, ta maƙala hanga a ƙusa, ta juya.

Ƙiii.

Hangar ce ta yi ƙara. Babu iska a ɗakin.

Ta waiga.

Kafaɗar dama ta rigar ta cika. A hankali, kamar ana hura ta. Hannun ya kumbura har zuwa wuyan hannu. Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka. Ya sake ɗagawa.

Wani wari ya taso, irin na ƙasan tsohuwar rijiya.

"Ta yi min daidai," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, daga cikin wuyan da ba kai.

Auta ta juya za ta gudu.

"Je ki gida, yarinya."

Ƙofa na bayanta a buɗe. Taku uku ne. Ta yi ɗaya. Ta yi na biyu. Sai ta ga Mama a ranta, tana lasar bakin zare, tana kai shi ga allura tana kuskurewa, sau goma, sau ashirin, ba ta yarda a taimake ta ba. Babu wata rigar bayan wannan. Babu wani idon da zai sake ɗinka ta.

Auta ta tsaya.

"Ba taka ba ce." Da ƙyar maganar ta fita.

"Me kika ce?"

"Na ce ba taka ba ce!" Ita kanta sai da ta firgita da muryarta. "Kai ka yi wata huɗu a kan keke? Kai allura ta sossoka? Ɓarawo kawai!"

Hannun rigar ya ɗaga, ya nufo ta. Ba yatsu a bakinsa, duhu ne kawai. A nan ta lura: hannun hagu yana nan a lafe, da karin gugarsa. Bai gama shiga ba.

Ta sunkuya, ta ɗage gindin rigar, ta cusa kai.

Sanyi.

Duhu.

Wani abu kamar jiƙaƙƙen gashi ya shafi fuskarta.

"Fita," ya ce, a cikin kunnenta.

"Kai ka fita."

Duk addu'ar da ta haddace ta gudu. Sunan Yesu kaɗai ya rage mata, shi take ta maimaitawa haƙora na karo. Ta zura hannun hagu, ya wuce. Ta kai na dama, wani abu ya damƙe ta, yatsu masu yawa, sun fi biyar. Ya matse. Ƙashinta ya yi ƙara.

Numfashinta ya tsaya.

Ta ciji leɓe, ta tura.

Ta ƙara turawa.

Kanta ya fito ta wuyan rigar.

Hanga ta faɗi ƙasa. Wani huci ya fita kamar an sace iskar taya, taga ta bugu, jemagu suka watse a rufi. Shiru.

Haka Baba mai gadi ya same ta da tocila, tsaye tsakar ɗaki, riga na jan ƙasa, hawaye har haɓa.

"Ke! Rigar fasto a jikinki?"

"Baba, haska min nan," ta ce. "Ta yamutse, sai na gyara."

Washegari Yaya ya sa rigarsa. Mama ba ta ga fuskarsa sosai ba, amma ta ga farin, ta yi ta kuka tana dariya. Hannun Auta na dama kuwa har yau bai ƙara yin gumi ba, ko a tsakiyar zafi.

Sai dai rigar ta san wadda ta fara shiga cikinta. In Yaya ya tsaya wa'azi, duk inda Auta ta zauna, can gindin rigar ke karkata. Yaya ya ce fanka ce, aka kashe fanka, bai daina ba. Don kar mutane su fara ƙus-ƙus, Auta ta baro bencin ƙarshe ta dawo na gaba, daidai saitinsa, inda rigar za ta tsaya sak. Ba ta fashin zuwa coci ko da zazzaɓi.

Wani lokaci, ana tsakiyar sujada, bencin bayanta yakan yi ƙara alhali ba kowa a kai, warin rijiya ya ɗan taso. Ba ta waiwaya. Gyara zama kawai take yi, ta ƙara ɗaga murya a waƙa.