Ƙuri'ar Filin Bayan Coci

"In saurayin nan naki ya miƙe tsaye yau, to ya yi sallama da gidana!" in ji Wendell, ya dangwarar da kofinsa a kan tebur.

"Haba Baba! Ƙuri'a ce fa, ba yaƙi ba," Maren ta faɗa, idonta ya kawo ruwa.

"Na gama magana. Babu aure!"

Yau ne taron gari na shekara, inda a ƙauyensu na jihar Vermont ta Amurka ake ƙuri'a a tsaye, kowa na kallon kowa. Matasa na so a gina ƙananan gidaje a filin bayan coci, don sun gaji da ganin tsararsu na ƙaura saboda rashin muhalli. Wendell kuwa shi ne uban masu cewa a'a, kuma mutum ne da in ya kafe, ko shanunsa sun san ba a ja da shi.

A ƙofar zauren taro Maren ta riƙe hannun saurayinta Corbin.

"Don Allah ka zauna kawai. Na roƙe ka!"

"In na zauna, da wane ido zan kalli abokaina? In na tashi kuma na rasa ki. Ya kike so in yi?"

Mahaifiyarta Lorna ce ta kawo mafita. Ana zuwa kan batun ta ɗaga hannu ta nemi a yi ƙuri'ar takarda, wasu suka mara mata baya, doka kuwa ta yarda. Kowa ya rubuta a ɓoye ya jefa a akwati. Da aka ƙirga, matasa suka yi nasara da ƙyar.

Wajen cin abincin rana mutane suka yi ta dafa kafaɗar Wendell, kowa na cewa, "Ni dai tare muke!" Lorna ta raɗa wa 'yarta, "Ku ja bakinku ku yi shiru, asirinku a rufe yake."

Amma Corbin bai yarda da ɓoye-ɓoye ba. Ya tashi ya je gaban dattijon.

"Baba, ni na zaɓi a gina gidajen."

"Ni ma, Baba," Maren ta faɗa daga bayansa, hawaye na zuba.

Wendell ya ture farantinsa ya fice.

Aka shiga makonni masu ɗaci. Maren na tatsar shanu tare da uban, ta gaishe shi ya yi kamar da bango take. Corbin bai taka gidan ba, bai kuma ja ta su gudu ba, duk da abokai na ta zuga shi. Ta yi kuka har ta rame.

Ranar wata Lahadi, bayan ƙanƙarar hunturu ta narke, sai ga motar Wendell a ƙofar garejin da Corbin ke aiki.

"Kai, fito nan!" Da Corbin ya fito, Wendell ya murza hularsa. "Duk wanda na haɗu da shi a garin nan ya rantse tare muke. To wa ya kayar da ni, aljanu? Ku biyu kaɗai na san inda kuka tsaya. Har gobe ban yarda da gidajenku ba, amma ka zo cin abinci. Ka taho da iyayenka."

Haƙurinsu ya biya, gaskiyarsu kuma ta fi biya. Saɓanin ra'ayi ba ya rusa gida, munafunci ne ke rusa shi.